Ƙofar Lif a Hawa na Huɗu

Ranar Alhamis da hantsi aka ciro gawar Joséphine mai wanki daga ramin lif na otal ɗin Alhaji Zaharaddin, a Garwa. Daga hawa na huɗu ta faɗo. Ta fito ne rungume da zannuwan gado har sun tare mata fuska, ta ja ƙofar lif da yatsu biyu kamar yadda ta saba shekara shida, ƙofa ta buɗe, ta sa ƙafa. Akwatin lif ɗin kuwa yana can hawa na biyar. Baba Pierre mai gadi ne ya ji faɗuwar, ya ce da farko ya ɗauka buhun shinkafa ne ya suɓuce wa 'yan kicin.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce aljanu ne, don a kan tsohuwar kasuwar shanu aka gina otal ɗin. Wasu suka ce faɗa ta yi da mijinta ta gaji da duniya, kuma masu faɗin haka ko sunan mijin ba su sani ba. Amma yawancin bakuna kan Olivier makaniki suka tsaya. Lif ɗin tsohon yayi ne, mai ƙofar ja da hannu a kowane hawa, kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai akwatin ya tsaya a bayanta. Wanda ya sa ta buɗe, in ji su, sai wanda ya san cikinta, a duk Garwa kuwa Olivier kaɗai ke taɓa ta. Da la'asar aka kama shi a tasha yana saukowa daga motar Ngawundere da wani ƙarfe a jaka, aka ce ai makullin ƙofar ne ya kwance zai sayar. Ba wanda ya tsaya tambayar dalilin da ɓarawo zai shigo gari da abin da ya sata a garin.

*

Washegari da safe matar Olivier, Laetitia, ta sami Malam Wada a gindin darbejiyar bakin mayanka, inda yake zama yana jiran wanda aka kore wa shanu. Wada mai bin sawu ne, mutumin Tuboro, ya haura sittin. Rabin rayuwarsa ya yi ta ne a sunkuye yana karanta ƙasa, ya sha bin garke kwana biyar har bakin iyakar Cadi ya dawo da shi. Mutum ne mara yawan magana, mai saurin tofar da yawu, kuma bai taɓa shiga lif ba, bai da niyya.

Ta durƙusa ta gaya masa ranar Litinin za a wuce da mijinta kurkuku, wanda ya shiga can kuma sai ya shekara biyu alƙali bai ga fuskarsa ba. Wada ya ce mata shi fa shanu yake bi, bai san komai a kan inji ba.

"Baba, ba injin nake so ka bi ba," in ji ta. "Hannun mutum ne ya taɓa ƙofar nan. Shi nake so ka bi."

Wada ya san mai otal ɗin. Alhaji Zaharaddin abokin tafiyarsa ne tun suna samari suna koro shanu daga Tuboro a ƙafa, kafin Allah ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya a gindin darbejiya. Har gobe kuma rabin aikin da Wada ke samu daga garkunan Alhaji yake fitowa. Ya duba ƙafafun matar, ya ga tun daga unguwarsu a ƙasa ta zo. Ya ɗauki sandarsa.

*

Sufeto Robert ya san Wada tun wata shari'ar shanu, don haka ya bar shi ya ga Olivier ta bayan ƙarfe. Ɗakin yana wari, mutum goma sha ɗaya da bokiti ɗaya. Olivier dogo ne siriri, ya kwana a tsaye, amma da aka tambaye shi batun ƙofa sai ya manta da inda yake, ya hau kwatance da hannu.

Ya ce a saman kowace ƙofa, ta ciki inda ido ba ya kai wa, akwai ƙugiya. In ƙofa ta rufe sai ƙugiyar ta faɗa ta kama, kuma faɗawar tata ce ke danna wani ɗan maɓalli da ke shaida wa inji cewa an kulle. In maɓallin bai dannu ba, lif ba ya motsi ko da gwamna ne a ciki. Ta hawa na huɗu ta cinye, tana kamawa amma ba ta kai ga maɓallin, shi ya sa lif ɗin ya riƙa cijewa. Ran Alhamis ɗin makon jiya ya kashe wutar injin, ya liƙa takarda a kowace ƙofa, ya gaya wa manaja Alain kada a kunna sai ya dawo da sabon makulli. Ran Asabar ya tafi Ngawundere jiran jirgin ƙasa da zai kawo shi. Sabon ne a jakarsa, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Wada ya tambayi Sufeto ko an duba saman ƙofar. Sufeto ya ce manaja ya rantse Olivier ya gyara ya ce a ci gaba da aiki, kuma shi bai ga ɗan sandan da zai leƙa kansa cikin ramin hawa huɗu ba. Ya ƙara da cewa in Wada ya kawo abin da za a iya ɗorawa a kan tebur kafin Litinin, zai duba.

*

Otal ɗin yana ƙamshin turare. Wannan ne ya fara ɓata wa Wada rai. Jiya jiya aka kwashe mace a ƙasan nan, yau ga kiɗa yana tashi a hankali, ga ma'aikata suna ɗaura balan-balan don bikin da za a yi mako mai zuwa. An wanke daɓen tun daga ƙasa har sama da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, ko sawun kyankyaso ba a bari ba. Duk wanda ya yi wa magana sai ya ce "abin da ya faru", ba mai kiran sunan Joséphine, kamar sunan ma an haɗa shi an wanke.

Manaja Alain ya tarbe shi da murmushin da ake yi wa wanda ake so ya tafi. Ya ce Olivier bai liƙa wata takarda ba, bai hana kunna lif ba, ya gyara ne ya karɓi godiya ya tafi. Yana magana yana gyara agogon hannunsa. Wada bai yi musu ba, ya dai lura da gurbin salatif guda huɗu a jikin ƙofar ƙasa, daidai kusurwoyin takarda.

Alhaji ya fito daga ofis da babbar riga, ya rungume shi yana kiransa da sunan samartaka. Ya yi dariyar nan tasa da ke nuna gurbin haƙorinsa na sama, wanda wani bijimi ya fitar masa a hanyar Tuboro, Wada na riƙe da wutsiyar bijimin a ranar. Ya ce Allah ya ji ƙan baiwar Allah, ya ce yaran yanzu ba su da amana a aiki, ya ce Wada ya duba duk inda yake so, gidansa ne.

Wada ya hau matakala yana hutawa a kowane hawa, Baba Pierre na biye da shi. A hawa na huɗu an gitta kujeru biyu a gaban ƙofar, kariyar ke nan. Ya tsuguna ya duba daɓen, ba komai sai sheƙi. Ya daɗe a tsugune yana jin haushin kansa da ya biyo mace zuwa inda ba ƙasa. Da ya dafa bango zai miƙe, wani abu ya cije shi a yatsa.

Tururuwa ce. Layi guda siriri, ta fito daga tsagar taga, ta bi gindin bango, ta hau gefen ƙofar lif, ta shige ta sama. Wada ya sauka hawa na uku ya duba, babu. Ya hau na biyar, babu. Tururuwa ba ta hawa bene huɗu don ta ci ƙarfe.

Ya sa Pierre ya kawo igiyar shanya, ya ɗaura a kugu, aka ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen matakala. Ya ja ƙofar da ɗan yatsa ɗaya, ta buɗe ba gardama. Iska mai ɗumi ta taso daga ramin. Ya juya baya, ya leƙa sama da fitilar wayar Pierre, tun kafin idonsa ya gani hancinsa ya gaya masa. Ƙiri ne, igiyar ɗanyar fatar saniya, an naɗe maɓallin da ita an danne shi, aka zagayo da ita ta wutsiyar ƙugiyar aka ƙulle. Fatar ta bushe ta ƙandare, ta ja wutsiyar ƙasa, bakin ƙugiyar ya ɗaga sama ya bar ƙofa a sake. Bai taɓa komai ba. Ya ce wa Pierre ya zauna a nan, kada ya bar ko manaja ya matso.

*

Wa ke shiga otal da ɗanyar fata? Tanimu mahauci, mai kai musu nama kowace safiya, kuma a lif yake hawa da shi kicin ɗin sama. Pierre ya ce sau biyu ya ji Tanimu yana zagin lif ɗin da ya cije da shi da cinyar saniya a kafaɗa, har ya rantse wata rana sai ya yi maganinsa.

Wada ya same shi a bayan mayanka yana wasa wuƙa. Da ya ji an ambaci fata, Tanimu ya zabura, amma ba irin zaburar da Wada ya zata ba. Ya ja shi har inda yake shanya fatu, ya nuna masa wata ja mai faɗi. Ya ce ran Litinin Alhaji ya sa aka yanka bijimi a harabar otal saboda manyan baƙin taron auduga da za su sauka Talata. Fatar dabba kuwa hakkin mai fiɗa ce, kowa ya san haka tun kakanni. Ya shimfiɗa ta a bayan kicin ya hau da nama, kafin ya sauko wani mara mutunci ya zare mata igiya tun daga wuya har gindi, ta tsakiyar gadon baya, wurin da ya fi daraja.

"Dubi nan, Malam. Ni zan yi wa fatata haka? Mahauci in yana son igiya gefen ciki yake yanka. Wannan yankan masu kora ne, su ne ke son ta baya don ƙarfi."

Wada ya bi yankan da yatsa. Miƙaƙƙe ne, numfashi ɗaya, hannun da ya yi shi ya yi irinsa sau ɗari. Kuma ran Litinin aka yi shi, Olivier yana Ngawundere kwana biyu ke nan. Ya roƙi Tanimu ya naɗe fatar ya zo da ita otal gobe da la'asar. A hanyar gida ya tofar da yawu ya fi sau goma, ɗacin bakinsa bai tafi ba.

*

Ran Asabar da safe Wada ya ja Sufeto Robert har hawa na huɗu. Sufeto ya riƙe igiya, ya ɗauki hoto da hannu a miƙe ba tare da ya leƙa ba, Wada ya yanke ƙirin ta bayan ƙullin ya fito da shi. Ƙugiyar ta faɗa da ƙara, ƙofa ta kama.

Wada ya kai ƙirin bakin taga ya juya shi. Ƙullin masu koro shanu ne, wanda ake yi da hannu ɗaya saboda ɗaya hannun yana riƙe da dabba. Mai yin sa da haƙori yake jan bakin igiyar ya tsuke. Ɗanyar fata kuwa in an cije ta ta bushe, ba ta mantawa. Ga sawun haƙoran nan a jere kamar a jikin ɗanyen rogo. Wada ya daɗe yana kallonsu. Ya san bakin.

Sufeto ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya, a tara masa mutane da la'asar, a zo da Olivier. Daga nan ya wuce kasuwa ya sayi farin goro.

*

A zauren da ake ƙawatawa don biki aka taru, ƙarƙashin balan-balan. Alhaji a kujera mai hannu, Alain a tsaye a bayansa, Tanimu da fatarsa a naɗe, Baba Pierre, sai Olivier da ankwa a hannu. Laetitia ta tsaya a bakin ƙofa.

Wada ya ce shi baƙauye ne, ba ya iya buɗe magana ba goro. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa kowa guda, ya ce kowa ya gatsa sau ɗaya ya ajiye sauran a kan tebur. Alain ya ce shi ba ya cin goro, Sufeto ya ce yau zai ci. Alhaji ya yi dariya ya ce Wada bai bar wasanninsa ba, ya gatsa ya ajiye.

Sannan Wada ya yi bayani a taƙaice. Ya shimfiɗa fatar, ya ɗora ƙirin a gurbinsa, gashi ya hau gashi. Ya sa Tanimu ya faɗi ranar yanka, ya sa Sufeto ya karanta ranar da ke jikin tikitin motar Olivier. Ya tambayi Alain wa ya ɓare takardun ƙofa, wa ya mayar da wuta. Alain ya dubi ƙeyar maigidansa, ya ce shi umarni yake bi. Wada ya ɗauki ƙirin ya bi gorayen da shi ɗaya ɗaya, a hankali, duk da ya san inda zai tsaya. Gatsa huɗu cikakku ne. Na biyar akwai tudu a tsakiya inda haƙori bai sauka ba, irin tudun da ke jikin fatar.

Goron Alhaji ne. Alhaji ya dubi goron, ya dubi ƙirin, sai ya gyara zama ya yi magana da muryar da yake ciniki da ita.

"Don kwana biyu kawai na ɗaura shi. Manyan mutane za su sauka, wasu da ciwon gwiwa, in ce su hau bene biyar a ƙafa saboda ɗan maɓalli? Na gwada ƙofar da hannuna, Wada. Na ja ta da ƙarfi, tana kulle."

"Tana kulle don fatar tana ɗanya," in ji Wada. "Alhaji, ni da kai mun ga ƙiri ya bushe a ƙafar maraƙi har ya shiga nama. Ba wanda zai koya maka wannan."

Alhaji ya ce ya yi niyyar kwancewa ran Laraba, hidimar baƙi ta ɗauke masa hankali. Ya ce ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Da ya ga ba wanda ya ce amin, sai ya sauya harshe zuwa Fulatanci, ya rage murya, ya tuna wa Wada ƙishirwar da suka sha tare da daren da suka raba tabarma ɗaya, ya ce irin wannan magana a ɗaki ake yin ta tsakanin 'yan'uwa.

Mantuwar ba ta ba Wada mamaki ba, kowa yana mantuwa. Abin da ya kasa yafewa shi ne kwana biyun da suka biyo baya. Mutumin nan ya san abin da ke saman ƙofar, ya ci abinci, ya yi dariya, ya rungume shi, ya ce yaran yanzu ba su da amana, alhali wani yana tsaye kusa da bokiti a madadinsa. Ko hawa ya yanke igiyar bai yi ba, saboda ya sakankance ba wanda zai leƙa. Wada ya amsa masa da Hausa, yadda kowa zai ji.

"Na tuna duka. Shi ya sa na so a ce bakin wani ne."

Sufeto ya kwance wa Olivier ankwa. Bai ɗaura wa Alhaji ba. Ya roƙe shi da ladabi ya biyo su ofis ya ba da bayani, Alhaji ya shiga motarsa mai sanyi, direbansa ya ja, motar 'yan sanda ta bi baya kamar rakiya.

*

A bakin titi Laetitia ta riƙe hannun mijinta tana kuka ba sauti. An mayar masa da jakarsa. Wada ya tsaya gefe yana tunanin gobe, ya san garkunan Alhaji sun gama da shi, kuma abokan Alhaji suna da yawa a kasuwar shanu.

Ba su kai ga tare babur ba sai ga Alain ya biyo su da sauri, har yana haki. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce wa Olivier komai ya wuce, biki saura kwana bakwai, amarya a hawa na biyar za ta sauka, tunda sabon makullin yana jaka ko zai taimaka ya ɗaura shi yau?

Laetitia ta buɗe baki za ta wanke shi, Olivier ya dafa kafaɗarta. Ya dubi benen, ya dubi hannayensa da suka kumbura. Wada ya ce masa ya tafi gida ya yi wanka, ba wanda zai ga laifinsa in bai sake taka gidan nan ba har abada.

"Baba, mata uku ne suka rage a ɗakin wanki," in ji Olivier. "In ban ɗaura ba, kafin ranar bikin wani zai nemo igiya."

Ya saɓa jakarsa, ya wuce Alain ba tare da ya dube shi ba, ya fara hawa matakala.